Ma'aikacin Asibiti da Haƙƙin Kansa

Shugaban wannan zama, iyayenmu manyan likitoci da manyan sistoci, 'yan'uwana ma'aikatan jinya da ungozoma, ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da na ɗakin magani, masu ba da kati, masu shara da masu tura gado, da ƙannenmu ɗalibai da ke zaune can baya. Na hango wasu fuskoki da na tabbata daga aikin dare suka zarce nan. Sannunku da ƙoƙari. Duk wanda barci ya sace a cikinsu, ina roƙon na kusa da shi ya ƙyale shi ya huta.

A shekarar 1948, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta zauna a birnin Jeniba ta tsara rantsuwar da sabon likita zai yi ranar da zai kama aiki. An yi ta gyara ta lokaci zuwa lokaci, amma duk alkawuran da ke ciki na majinyaci ne da malamai da abokan aiki. Sai a watan Oktoba na 2017, a taron da ƙungiyar ta yi a Shikago, aka ƙara wani alkawari, wato likita zai kula da lafiyar kansa da walwalarsa domin ya iya kula da wasu yadda ya kamata. Shekara 69 aka ɗauka kafin a rubuta wannan. Ina son mu lura da inda aka ajiye shi. Cikin rantsuwa aka saka shi, jere da riƙon sirrin majinyaci. Ma'ana, likitan da ya bar kansa ya lalace ya saɓa alkawari, kamar yadda wanda ya tona asirin majinyaci ya saɓa. Abin da na zo tsayawa a kai ke nan yau, kuma abin ya shafi kowa da ke cin abinci a asibiti, tun daga mai fiɗa har mai wanke zanen gado.

Kun san abin da mutanen gari ke faɗa a kanmu. Suna cewa ma'aikatan asibiti ba su da tausayi, sun iya wulaƙanci, mace tana naƙuda ana daka mata tsawa. Akwai matan da suka gwammace su haihu a gida, da duk haɗarin da ke ciki, a kan su zo a ci musu mutunci a ɗakin haihuwa. Ban zo wanke kowa ba, cin mutuncin majinyaci laifi ne ko daga wa ya fito. Amma ku tuna yarinyar nan da ta fito daga makarantar ungozoma tana ɗoki, wadda idan jariri ya zo babu rai sai ta laɓe a bayan ƙofa ta share hawaye. Bayan 'yan shekaru ita ce za ka ji tana cewa, “Waccan ta gado na shida ta dame ni.” Sunan matar ma ya ɓace mata, ta koma lambar gado. Wani abu ya faru tsakanin waccan yarinya da wannan sista, kuma masana sun daɗe da sanin ko mene ne.

Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Herbert Freudenberger, wanda ke aikin sa-kai a wani asibitin kyauta a Niyu Yok, shi ne ya bayyana abin a rubuce a 1974. Ya lura cewa waɗanda suka fi kowa himma a asibitin su ne ke fara sanyin jiki, su koma masu saurin fushi da ciwon kai da rashin barci. Daga baya Christina Maslach ta fito da ma'aunin da ake auna shi da shi har yau. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin wannan gajiya mai cin rai a cikin kundinta, ta ce alamunta uku ne: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin har mutum ya fara jin haushinsa, sannan ya daina ganin yana tsinana wani abin kirki. Hukumar ta kuma fayyace cewa abin yana tasowa ne daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa idan na juyo kan shugabanni.

Matsin da muke ciki kuwa ba sai na ba ku labari ba. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da suka rage a Najeriya kusan 55,000 ne, kuma kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun baya. Duk wanda ya tafi, majinyatansa ba su bi shi ba, suna nan a kan benci suna jiran wanda ya rage. Ga haɗarin aikin kansa. A watan Agusta na 2014 Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta rasu a Legas bayan ta hana mutumin da ya shigo da Ebola daga Laberiya fita daga asibiti, ta tsare ƙasa da ranta. A watan Janairu na 2020 Kano ta rasa likitoci biyu ga zazzaɓin Lassa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairun 2020 da Mayun 2021 annobar korona ta kashe ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000 a duniya. A nan gida kuwa, har kusan ƙarshen 2021 alawus ɗin haɗari naira 5,000 ne a wata.

Akwai kuma nau'in ciwon da ya fi gajiya zafi. Ka san abin da ya kamata a yi, ka iya yin sa, amma babu kayan yi. Mace ta zo da zubar jini, babu jini a ma'ajiya. Yaro yana numfashi sama-sama, tukunyar iskar ta ƙare. Ka rubuta magani ka miƙa wa uba, ya karɓi takardar ya duba aljihu, ya fita kamar zai sayo, ka san ba zai dawo da komai ba. Mutane nawa ne a wannan ɗaki suka taɓa zaro kuɗi daga jakarsu suka sayi ledar ruwa ko allura ga wanda ba su sani ba? Na san hannuwa za su yi yawa. Irin wannan rauni ba ya nuna a gwajin jini, amma shi ne ke bin mutum har kan shimfiɗarsa.

To, me ke hannunmu? Zan fara da barci, domin shi muka fi rainawa, har muna alfahari da rashinsa. Za ka ji ƙaramin likita yana cewa kwana biyu bai runtsa ba, yana faɗa kamar wanda ya ci gasa. A 1997 wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Dawson da Reid, suka auna saurin hannu da kaifin hankalin mutanen da aka hana barci. Suka tarar cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, aikinsa ya yi daidai da na wanda ya fara shan giya, wanda ya kai awa 24 kuwa ya wuce matakin buguwar da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi da shi. Babu ɗayanmu da zai yarda bugagge ya lissafa wa ɗansa adadin magani. A 2004 kuma aka buga wani bincike da aka yi a ɗakunan kulawa ta musamman a Boston, inda aka ga sababbin likitocin da ke yin doguwar diyuti ta sama da awa 24 sun fi yin manyan kurakurai da kusan kashi 36 cikin 100 a kan lokacin da aka rage musu awannin. Shekara guda bayan haka wani binciken ya nuna haɗarin yin hatsarin mota a hanyar komawa gida bayan irin wannan diyuti ya ninka fiye da sau biyu.

Na san jadawalin aiki ba ku kuke rubuta shi ba. Amma akwai abin da ke hannunku. Kafin daren farko, ku kwanta da rana ko da awa ɗaya da rabi ne. A cikin daren, idan ɗaki ya lafa, ku yi karɓa-karɓa da abokin aiki, wannan ya runtsa minti ashirin, wancan yana tsaro. Minti ashirin na ce, don idan ya zarce mutum zai faɗa barci mai nauyi ya tashi da jiri. Shayi mai kauri da kofi da goro da lemon nan na gwangwani mai ƙara kuzari, a sha su a farkon dare, domin bayan kimanin awa biyar rabin sinadarin yana nan cikin jini, wanda ya sha da asuba ya sayar da barcin safiyarsa. Idan kun sauka kun ji ido yana rufewa, ku bar babur ɗin ko motar a asibiti ku hau Keke Napep. A gida kuma a rufe taga da labule mai kauri, a kashe waya, a gaya wa mutanen gida cewa daga ƙarfe tara zuwa azahar babu sallama. Wannan na ƙarshen shi ne mafi wuya a gidajenmu, inda mai barcin hantsi sunansa malalaci. Sai an zaunar da maigida ko uwar miji ko yara an yi musu bayani da kyau, cewa wannan barcin shi ne daren mai aikin dare.

Ci da sha ba zan daɗe a kansu ba, kun fi ni sani, ku kuke koya wa mutane. Sai dai na ce ungozomar da ke gaya wa mai ciki ta yawaita shan ruwa, ita kanta takan ƙi sha don kada fitsari ya matse ta, saboda banɗakin ma'aikata a kulle yake ko ba ya shiguwa. Daga nan ciwon mara da tsakuwar ƙoda ke samun ƙofa, musamman a watannin bazara. Ku zo da gorar ruwa, ku zo da abinci daga gida, ku zauna ku ci shi a zaune ko da minti goma ne. Ku kuma tambayi kanku yaushe rabon da a ɗaura muku abin awon jini a naku hannun. Wanda bai yi rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, allura uku ce, ya fara a wannan makon. Wanda allurar majinyaci ta soke shi kuma, kada ya matse yatsa ya yi shiru. A wanke da ruwa da sabulu, a kai rahoto nan take, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau ana fara shi ne da wuri-wuri, kada ya wuce awa 72, a sha kwana 28.

Yanzu sai batun natsuwa, wato tattara hankali a kan abin da ke gabanka. A 1979 wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri na mako takwas a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, yana koya wa masu ciwon da ya ƙi jin magani yadda za su zauna su bi numfashinsu, su lura da abin da jiki da zuciya ke yi ba tare da sun yi kokawa da shi ba. Ya ɗauko dabarar daga al'adun zuzzurfan tunani na Asiya, ya cire mata rigar addini. Daga baya aka gwada ta a kan ma'aikatan lafiya su kansu. A 2009 aka buga sakamakon wani shiri da likitoci 70 suka bi a Rochester ta Amurka, inda aka ga gajiyar nan ta ragu, tausayinsu ga majinyata ya ƙaru.

Yadda abin ke aiki babu siddabaru a ciki. Idan hankali ya tashi, jiki yana sakin sinadaran shirin faɗa ko gudu, zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya koma gajere, tunani ya ƙuntata. Bugun zuciya ba ka da iko da shi kai tsaye, amma numfashi kana da iko da shi. Duk lokacin da ka saki numfashi a hankali, wata babbar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙirji da ciki tana rage saurin zuciya. Shi ya sa ake cewa fitarwa ta fi shaƙa tsawo. Mu gwada yanzu a inda muke zaune. Ku sauke ƙafa biyu a ƙasa, ku saki kafaɗa. Ku shaƙa ta hanci kuna ƙirga huɗu, ciki ya taso. Ku saki kuna ƙirga shida. Sau shida ke nan a minti ɗaya. Hankali zai gudu, zai tafi wurin kuɗin makarantar yara ko majinyacin jiya. Idan kun lura ya gudu, ku dawo da shi kan numfashin ba tare da kun zargi kanku ba. Dawowar nan ita ce aikin gaba ɗaya.

Wani zai ce, “Likita, ina muka ga lokacin zama?” Gaskiya ne, shi ya sa nake ba da shawarar a ɗora abin a kan aikin da dama ana yin sa. Wankin hannu da sabulu yadda aka koya mana yana cin daƙiƙa 40 zuwa 60, kuma muna yin sa sau da yawa a yini. Ku mayar da wannan minti naku. Ku ji sanyin ruwan a tafin hannu, ku ji santsin sabulun tsakanin yatsu, ku saki numfashi biyu masu tsawo. Wanda kuka baro a gadon baya ku bar shi a can, ku isa gado na gaba da fuskar da ba ta ɗauke da fushin wani. Haka nan kafin ku ɗaga labule ku shiga wurin wanda za ku gaya wa mummunan labari, ku tsaya a bakin labulen, numfashi ɗaya, ku tuna sunansa.

Mu kuma a nan muna da abin da masu wancan bincike suka sha wahala kafin su gina wa mutanensu. Musulmin cikinmu ana kiran sa sau biyar a yini ya bar abin da yake yi, ya sa ruwa a fuska da hannu da ƙafa, ya tsaya ya halarto da zuciyarsa. Malamai sun gaya mana natsuwa a ruku'u da sujada tana cikin abin da salla ba ta inganta sai da shi. Salla ibada ce, don Allah ake yin ta, ba na mayar da ita maganin gajiya. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya yi ta a gurguje yana leƙen waya ya yi asara biyu. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da addu'ar safe da waƙoƙin yabo, kuma sun san inda Yesu ya ce wa almajiransa su keɓe su ɗan huta, lokacin da jama'a suka yi musu yawa har ba su samun sukunin cin abinci. A wajenmu kuma sananne ne labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i ya tarar ya hana kansa ci da barci saboda ibada. Ya sa shi ya ci, ya sa shi ya kwanta, ya tuna masa cewa ransa da iyalinsa ma suna da haƙƙi a kansa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. Idan ibadar dare ba ta zama hujjar tauye jiki ba, diyuti ba za ta zama ba.

Gargaɗi ɗaya a nan. Wanda ya ga abin firgici, kamar abokan aikinmu da suka karɓi gawarwaki bayan tashin bam ko harin 'yan bindiga, wani lokaci rufe ido da yin shiru yana dawo masa da hoton ne. Irin wannan ya bar idonsa a buɗe, ya kalli abin da ke ɗakin, ya taɓa bango ko tebur, ya ambaci abin da yake gani. Idan mafarkin da firgitar suka wuce wata guda, magana ta wuce numfashi, sai a ga masani.

Ina son in ɗan daɗe a kan mutuwa, domin ita ce muke haɗiyewa ba mu tauna ba. An yi ta danna ƙirji rabin awa, an ce a bari, an duba agogo an rubuta lokaci, an ja zane. Kafin dangi su gama salati an kira ka gado na gaba. Wani ma'aikacin jinya a asibitin Jami'ar Bajiniya, Jonathan Bartels, ya fara wata al'ada a ɗakin agajin gaggawa: idan majinyaci ya cika, kafin kowa ya watse, sai a tsaya tare ƙasa da minti ɗaya, a yi shiru, a girmama wanda ya tafi da waɗanda suka yi ƙoƙari a kansa. Asibitoci da yawa sun ɗauka. Mu da muke da innalillahi a bakinmu, abin da ya rage mana shi ne tsayuwar, da kuma babba ya dubi ƙananan ya ce, “Sannunku, kun yi iyakar yinku.” Wannan kalma daga bakin babban likita tana iya hana wata yarinya kwana tana kuka.

Idan kuma kuskure ne ya faru, wanda duk mai aiki da hannu zai gamu da shi wata rana, Dakta Albert Wu ya rubuta a 2000 cewa bayan majinyaci da danginsa akwai mutum na biyu da abin ke raunatawa, shi ne ma'aikacin da kuskuren ya fito daga hannunsa. A wurarenmu me ake yi masa? A tsayar da shi gaban kowa a zagayen safe a yi masa tatas. Abin da ke biyo baya shi ne kowa ya koyi ɓoyewa, kuskuren ya sake faruwa a hannun wani. A binciki abin da ya faru, a gaya wa dangi gaskiya, a gyara. Amma a samu wanda zai zauna da ma'aikacin a keɓe ya tambaye shi ko ya ci abinci, ko yana samun barci. Ba a tilasta wa mutum ya zazzage abin da ke ransa a zama ɗaya, bincike ya nuna hakan ba ya hana ciwon. A dai kasance kusa, ya san ƙofa a buɗe take.

'Yan'uwana mata, naku nauyin biyu ne. Sista ta sauka daga aikin dare, tukunya na jiranta, ga wanki, ga yaro da za a kai makaranta. Ina kira ga mazajen da ke auren ma'aikatan asibiti su san cewa ladan da matansu ke samu suna da kaso a ciki gwargwadon sauƙin da suka yi musu. Sannan dukanmu mun san gidan ma'aikacin lafiya ƙaramin asibiti ne. Maƙwabci zai ƙwanƙwasa da tsakar dare, ɗan'uwa zai turo hoton takardar gwaji ta WhatsApp. Zumunci ne, ba za mu rufe ƙofa ba. Amma halal ne ka ce, “Kawu, wannan ba na gaggawa ba ne, ka same ni asibiti gobe da safe in duba ka da kyau.” Ka yi masa adalci, ka yi wa kanka.

Akwai maganar da ba mu son yi a bainar jama'a, zan yi ta. Makullin akwatin magani yana hannunmu. Wasu abokan aikinmu sun fara da allurar pentazocine ɗaya saboda ciwon baya, ko tramadol don su iya kai safiya, ko ƙwayar barci don su samu runtsawa, yau abin ya fi ƙarfinsu. Mun san su, muna ganin dogon hannun riga a cikin zafi, muna kau da kai. Wasu kuma baƙin ciki ne ya danne su, mako biyu, wata biyu, babu abin da ke musu daɗi, har wani ya fara jin gara ya huta da duniya. A watan Afrilu na 2020 Dakta Lorna Breen, shugabar sashen agajin gaggawa a wani asibiti a Niyu Yok, ta kashe kanta bayan makonnin farko na korona. Danginta sun ce tana tsoron idan aka san ta nemi taimakon likitan ƙwaƙwalwa za ta rasa aikinta. A 2022 Amurka ta yi doka da sunanta don kare lafiyar zukatan ma'aikatan lafiya. Tsoron da ya hana ta magana yana nan a cikinmu, har da ƙarin gudun a ce wane ya taɓu, ko imaninsa ya yi rauni. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana kama mai salla da mai azumi, kuma yana jin magani. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, ga sassan da ke asibitocin koyarwa. Idan abokin aikinka ya canza, ka tambaye shi kai tsaye, har da tambayar ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sau da yawa ita ce ke buɗe masa baki. Idan ya ce e, kada ka bar shi shi kaɗai, ka raka shi da ƙafarka.

Yanzu na juyo gare ku, shugabanninmu, da girmamawa. Duk abin da na faɗa a baya gaskiya ne, amma ina tsoron a ɗauke shi a mayar da shi sanda. Kada a tara mutanen da aka bar wa gado arba'in su biyu, a koya musu numfashi, a ce an gama da su. A 2017 Maria Panagioti da abokan aikinta suka tattara binciken da aka yi kan rage wannan gajiya a tsakanin likitoci, suka tarar cewa gyaran da aka yi wa tsarin aiki ya fi tasiri a kan wanda aka ɗora wa ma'aikaci shi kaɗai. Janaretan asibiti yana da littafi, ana rubuta awannin da ya yi, ana canza masa mai a kan lokaci, idan ya yi zafi a kashe shi a tayar da ɗan'uwansa. Wanda ke tsaye a tiyata a ƙarƙashin wutar janaretan nan ba shi da irin wannan littafi.

Na san ɗaukar ma'aikata da ƙarin albashi ba a ofishinku ake yanke su ba, kuma za mu ci gaba da tuna wa gwamnatoci alkawarin da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2001 na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Amma akwai abin da sa hannunku kaɗai ya isa. Jadawalin diyuti ya fito da wuri, mutum ya san ranar da zai je suna ko ta'aziyya, kuma wanda ya kwana a tsaye kada a ce ya zarce ya ga marasa lafiya har la'asar. Hutun shekara a bar mutum ya tafi, kada a riƙa kiran sa a waya. A samu ɗaki mai ƙofa da katifa mai tsabta da fanka, da banɗakin ma'aikata mai ruwa, na mata daban. A sa mai gadi a ƙofar ɗakin agajin gaggawa da dare, domin dangin da suka fusata sun sha marin nas, a ce mata ta yi haƙuri. Rigakafin ciwon hanta da maganin kariya bayan sukar allura su kasance kyauta, a kuma san wanda ke riƙe da makullinsu ranar Lahadi da dare. Sau ɗaya a wata a ware awa guda, likita da nas da mai shara su zauna a daidai, a yi maganar yadda aikin ke taɓa zuciya, ba tare da neman mai laifi ba.

A farkon 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tanadi sirri da kariya daga wariya ga duk mai neman magani. Ma'aikacinku ma tana kare shi. Amma ba zai je ya zauna a layin asibitin da yake aiki ba, inda mai ba da kati maƙwabcinsa ne, mai ɗauko fayil kuma ɗalibarsa ce. Roƙona shi ne ku yi yarjejeniya da wani likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya daga wani asibitin, a ba kowane ma'aikaci lambarsa, fayil ɗin ya zauna a can, kada ko shafi ɗaya ya zo ofishin gudanarwa. Ina fatan shugaban zama zai ba mu amsa a kan wannan kafin mu tashi.